Sojan da ya gama yaƙin Amurka ya tafi kama Kanada: labarin John O'Neill

Tambayar da aka turo min ita ce: "Malam, na ji wai bayan yaƙin basasar Amurka wasu tsofaffin sojoji 'yan asalin Ireland sun ɗauki bindiga sun shiga Kanada don su ƙwato ƙasarsu daga hannun Ingila. To ina Kanada ina Ireland? Gaskiya ne ko shaci-faɗi? In kuma gaskiya ne, wane irin mutum ne zai tsira daga yaƙi ɗaya sannan ya tafi neman wani da ƙafarsa?"

Gaskiya ne ɗan'uwa, an yi, kuma ba sau ɗaya ba. Wanda ya fi kowa suna a harkar shi ne John O'Neill, sau uku yana kwasar mutane ya nufi Kanada, a 1866 da 1870 da 1871. Duk sanda na ba ɗalibai labarin nan a aji sai an kwashe da dariya, kuma ba na musu akwai abin dariyar a ciki, amma in ka bi rayuwar mutumin tun daga tushe za ka ga ba taɓin hankali ne ya kai shi ba. Don haka ka yi haƙuri zan ja ka da ɗan nisa, tambayarka ta ƙarshe ba ta amsuwa sai mun fara lekawa Ireland tukuna.

An haifi O'Neill a watan Maris na 1834 a yankin Clontibret da ke gundumar Monaghan. Mahaifinsa ya rasu tun yana ciki, uwar kuma da zama ya gagara sai ta haye Amurka neman abin rufin asiri ta bar shi a hannun dangi. Ga wani abu da nake so ka riƙe: a Clontibret ɗin nan ne a 1595 Hugh O'Neill, babban jagoran yaƙin mutanen Ulster, wato lardin arewacin Ireland, ya yi wa sojan Ingila kaca-kaca. Ka ga yaro maraya, sunan gidansu ɗaya da na gwarzon, yana tasowa a daidai filin da aka yi gumurzun, ai ba sai an gaya maka irin labarin da tsofaffi za su riƙa cusa masa a ka ba. A lokacin Ireland tana hannun Birtaniya kacokan, tun 1801 aka rushe majalisarta aka haɗe ta da ta Landan, kuma yawancin ƙasar noma tana hannun manyan masu filaye waɗanda wasunsu ma a Ingila suke zaune sai dai a aika musu kuɗin haya. Talaka ɗan Katolika ɗan haya ne a gonar da yake nomawa, in ya kasa biya a rushe masa ɗaki a kore shi.

Sai ga 1845, ciwo ya faɗa wa dankali. Dankalin turawan nan dai da ake nomawa a Filato, wanda 'yan kasuwa ke kira airish, ai daga sunan mutanen nan ya samo. Wajen mutum miliyan 3 a ƙasar ba su da wani abinci sai shi, hatsin da suke nomawa da aladen da suke kiwo duk na biyan haya ne, ƙaton ɗan ƙwadago yakan cinye wajen kilo 6 na dankali a rana. To aka wayi gari dankalin yana ruɓewa tun a cikin ƙasa, bana haka baɗi haka. Tsakanin 1845 da 1852 mutum kimanin miliyan 1 suka mutu da yunwa da cututtukan da ke bin yunwa, fiye da miliyan 1 kuma suka bar ƙasar. Ƙidayar 1841 ta nuna mutum miliyan 8 da 'yan kai, ta 1851 ta dawo miliyan 6 da rabi. Abin da ya fi ƙona musu rai kuwa, wanda har jikoki ba su manta ba, shi ne ana wannan mace-macen jiragen ruwa na ci gaba da fita da hatsi da shanu daga tashoshin Ireland zuwa Ingila. Taimako ya zo daga wurare na nesa, har Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Sultan Abdulmajid, ya aika da fam 1,000, amma gwamnatin Landan da ke da alhakin mutanen ta yi ta jan ƙafa da sunan kar a ɓata tsarin kasuwa.

A 1848, yana ɗan shekara 14, O'Neill ya bi uwarsa zuwa garin Elizabeth a New Jersey. Wato idonsa ya ga mafi munin shekarun yunwar kafin ya tafi.

Amurka kuma ba da tabarma ta tarbe su ba. Mutanen sun sauka a New York da Boston da Philadelphia da tsumma, ba sana'a, ga addinin Katolika wanda 'yan ƙasa Furotesta ke wa kallon hadarin kaji. A shekarun 1850 har jam'iyya guda aka yi, wadda aka fi sani da Know Nothing, babban aikinta adawa da baƙi musamman Katolika. Akan ga tallar aiki a jarida an rubuta ƙarara kar ɗan Ireland ya nema. Abin da ya rage musu shi ne dako a tashar jirgin ruwa, haƙar magudanar ruwa, shimfiɗa layin dogo, matan kuma aikatau. O'Neill ya ɗan fi wasu sa'a, ya yi yaron shago, ya yi yawon tallar littattafai, har ya buɗe shagon sayar da littattafan Katolika a Richmond ta jihar Virginia, shagon bai kai labari ba. A 1857 ya shiga soja, rundunar dawaki. Kar ka yi mamaki, a waɗannan shekarun fiye da rabin kuratan sojan Amurka baƙi ne haihuwar wata ƙasa, 'yan Ireland a gaba Jamusawa na biye, domin ɗan ƙasa mai hanyar abinci ba ya kallon aikin soja da daraja. Ga baƙo kuwa kaki na nufin abinci sau uku da wurin kwana da albashi ƙarshen wata.

An tura su Utah inda gwamnati ke takun saƙa da mabiya ɗarikar Mormon, abin bai kai ga wani yaƙin kirki ba, O'Neill ya gaji da zaman bariki ya gudu ya yi California. Can kuma ya sake shiga wata rundunar dawakin har ya kai saje. Eh, gudu ya yi daga soja ya koma soja. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ba aikin ne ba ya so ba, zaman banza ne ba ya iya jurewa, kuma hali zanen dutse, za ka sake ganin wannan a gaba.

Yaƙin basasa ya ɓarke a Afrilun 1861. Aƙalla mutum 150,000 haihuwar Ireland suka yi wa Arewa yaƙi, kimanin 20,000 kuma suna ɓangaren Kudu, don mutum yakan bi jihar da ya tsinci kansa ne. Me ya kai su? Ba dalili ɗaya ba ne, kuma duk wanda ya ce maka ɗaya ne ya taƙaita. Akwai kuɗi, dala 13 a wata ga kurtu, ga ladan shiga da jihohi da garuruwa ke bayarwa wanda ya riƙa hawa yayin da yaƙin ke ja, kuma da yawansu da wannan kuɗin suke ciyar da uwa a New York ko su aika wa 'yan'uwa a gida kuɗin jirgi. Akwai takardar zama ɗan ƙasa, don wata doka ta Yulin 1862 ta sauƙaƙa wa baƙon da ya yi soja aka sallame shi lafiya. Akwai kuma kishin Amurkar kanta, suna ganin ita ce mafakar da ta rage wa danginsu kuma ita kaɗai ce za ta iya kallon Ingila ido da ido, in ta rabe biyu Landan ce da riba. Sai dalili na ƙarshe wanda shi ne ya shafi tambayarka: wasu sun shiga ne da niyyar koyon yaƙi, su ɗauki fagen fama a matsayin makaranta, in an gama su juya kan Ingila. Ba ɓoyewa ma suke yi ba. Kanar Michael Corcoran na bataliya ta 69 ta New York, a 1860 aka ce ya fito da mutanensa fareti don karrama Yariman Wales da ya zo ziyara, ya ce allambaram ba zai yi wa ɗan sarauniyar da aka yi yunwa a zamaninta fareti ba. Ana shirin gurfanar da shi a kotun soja yaƙi ya taso, aka watsar da maganar don ana bukatarsa.

Wanda duk ya karanta tarihin nan ya san birged ɗin 'yan Ireland ta Janar Thomas Francis Meagher mai koriyar tuta. A Fredericksburg ranar 13 ga Disamba 1862 aka tura su hawa tudu a fili fetal, abokan gaba na bayan katangar dutse, mutum wajen 1,200 suka shiga, kusan rabi aka kashe ko aka raunata. Amma yawancin 'yan Ireland ba a wannan birged suke ba, suna warwatse ne a rundunoni na kowa da kowa, kuma O'Neill na cikinsu. Ya dawo gabas da rundunarsa ya yi yaƙin da aka yi a kusa da Richmond a 1862, a Disambar shekarar aka ba shi hafsa a rundunar dawaki ta 5 ta Indiana. Ya yi suna a farautar John Hunt Morgan, kwamandan dawakin Kudu da ya kutsa har Indiana da Ohio a 1863, sannan a Disambar 1863 aka ji masa mummunan rauni a Walker's Ford a Tennessee. Da ya ga ana ƙara wa wasu girma ana tsallake shi sai ya yi fushi ya ajiye aiki, ya koma kyaftin a bataliya ta 17 ta sojojin baƙar fata, a ƙarshen 1864 ya bar kaki gaba ɗaya ya yi aure.

Tunda na ambaci baƙar fata bari in faɗi abin da masu yabon 'yan Ireland ba sa son a taɓo. Mutanen nan da aka zalunta a gida, da yawansu sun zo Amurka sun zama masu tsananin ƙin baƙar fata, don suna ganin da su za su yi takarar aikin lebura. Da aka kawo dokar tilasta shiga soja a 1863, wadda mai dala 300 zai iya biya ya fanshi kansa, talakawan New York, akasarinsu 'yan Ireland, suka yi bore na kwana huɗu a watan Yuli, fushin ya juya kan baƙar fata, aka rataye mutane a titi, aka ƙona gidan marayun baƙaƙe, aka rasa rai sama da 100. Shan zalunci ba ya mai da mutum adali, wannan shafi ne na tarihinsu kuma dole a karanta shi tare da na Fredericksburg.

Yanzu mu zo ga rayuwar ɗan mazan jiya. Yaƙi ya ƙare a 1865, aka sallami mutane dubu ɗaruruwa cikin 'yan watanni. Ɗan ƙasa yana da gonar ubansa a Ohio ko shagon kawunsa da zai koma. Baƙo fa? Ɗakin haya ɗaya a unguwar cunkoso, da aikin ƙarfi, alhali wataƙila ƙarfin ya bar shi a fagen fama. Wanda aka yanke wa hannu ba ya dako. Fanshon da wata dokar 1862 ta tanada dala 8 ne a wata ga kurtun da ya nakasa gaba ɗaya, kuma kafin ka samu sai ka kawo shaidar likita da ta hafsanka cewa a bakin aiki abin ya same ka. Matar mamaci sai ta kawo shaidar aure, auren da wataƙila a wani ƙaramin coci a ƙauyen Ireland aka ɗaura shekara ashirin baya. Uwar da ɗanta ke ciyar da ita sai ta miƙa wasiƙunsa na ainihi don a ga inda ya rubuta ya aiko mata kuɗi, kuma ba a dawo mata da su, shi ya sa har yau wasiƙun talakawan nan suna jibge a ma'ajiyar tarihi ta Washington. Wasu sun ƙare a gidajen nakasassun sojoji da gwamnati ta buɗe, na farko a Togus ta jihar Maine a 1866, wasu giya ta cinye su. Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffinmu da suka dawo daga Yaƙin Boma ya ji yadda suka yi ta bin haƙƙinsu, zai gane hoton.

O'Neill kuwa a cikin wannan wahalar ya sami sana'a. Ya zauna a Nashville ya zama wakilin da ke bi wa tsofaffin sojoji haƙƙoƙinsu wajen gwamnati, yana cike musu takardu yana karɓar la'adarsa, kuma harkar ta karɓe shi. Ka lura, ba yunwa ce ta kore shi zuwa Kanada ba, yana da mata yana da abin yi. Wannan shi ya sa nake ganin amsar tambayarka ba talauci ba ce kawai. Mutum ne da tun yana ɗan shekara 23 abin da ya fi iyawa shi ne jan mutane zuwa wuta, ya zubar da jini don ƙasar wasu, kuma kullum a ransa akwai bashin da yake ganin Ingila ta ci masa tun yana yaro. Irinsa dubbai ne, sun iya bindiga, sun saba da umarni, ba su tsoron ƙarar igwa, kuma ga makamai sun yi arha kamar banza bayan yaƙi.

Ƙungiyar da ta tattara su ita ce ta Fenian, sunan daga wasu mayaƙan tatsuniyoyin Ireland na da. James Stephens ya kafa reshen gida a Dublin a 1858, John O'Mahony ya riƙe na Amurka. A ƙarshen 1865 suka rabu biyu. Ɓangaren O'Mahony na cewa a aika kuɗi da mutane Ireland a yi tawaye a can. Ɓangaren William Roberts na cewa ina, tekun Atlantika na hannun jiragen yaƙin Birtaniya, ba yadda za a tsallaka da runduna, amma ga Kanada nan a bakin ƙofa, mallakar sarauniya ce, iyakarta doguwa ba mai gadi. A kama wani yanki nata a riƙe, ko dai a yi musaya da 'yancin Ireland, ko a ja Ingila ta kwaso sojanta daga can, ko kuma a haddasa faɗa tsakanin Landan da Washington. To ka ji ina Kanada ina Ireland, garkuwa suka so yi da ita. Kuma suna da dalilin zaton Amurka za ta kau da kai, don a lokacin tana cike da haushin Birtaniya saboda jiragen yaƙi irin su Alabama da aka ƙera wa 'yan Kudu a Ingila suka yi ta nutsar da jiragen kasuwancin Arewa, ga kuma 'yan siyasa na kwaɗayin ƙuri'ar 'yan Ireland. Wanda ya tsara shirin, Janar Thomas Sweeny, ba ɗan koyo ba ne, haihuwar gundumar Cork ne da ya rasa hannun dama tun a yaƙin Meziko a 1847 kuma ya ci gaba da soja da hannu ɗaya.

A takarda shirin ya yi kyau, hari ta wurare da dama lokaci guda. A ƙasa kuwa mutanen da aka sa rai ba su zo ba, wanda aka naɗa ya ja ɓangaren Buffalo bai bayyana ba, sai abin ya faɗo kan O'Neill da ya taho da mutanensa daga Nashville. Da asubar 1 ga Yuni 1866 ya tsallaka kogin Niagara ya kama ƙauyen Fort Erie. Wasu sun zame cikin dare, waɗanda suka rage masa ba su wuce 600 zuwa 800 ba. Washegari, 2 ga Yuni, a kusa da Ridgeway ya yi kiciɓis da 'yan sa-kai na Kanada wajen 850 ƙarƙashin Laftanar Kanar Alfred Booker, 'yan Toronto da Hamilton, yara ne yawancinsu, akawuna da 'yan shago da ɗaliban jami'a, wasu ba su taɓa harba harsashin gaske ba. Kuma a gaskiya da farko yaran sun yi ƙoƙari, sun yi ta matsowa fiye da awa guda. Sai wani ya hango 'yan dawakai ya yi ihu ga mahaya nan, Booker ya ba da umarni a dunƙule a yi sahu mai kusurwa huɗu, wanda shi ne maganin harin dawaki a littafin soja. Ba wata rundunar dawaki, 'yan leƙen hanya ne ƙalilan. To ka tara mutane cunkus a tsakiyar hanya a gaban waɗanda suka yi shekara huɗu suna harbi a Virginia da Tennessee, ai ka ba kura ajiyar nama. Aka buɗe musu wuta, O'Neill ya sa aka bi su da wuƙar bakin bindiga, sahu ya watse kowa ya yi ta kansa. 'Yan Kanada tara suka mutu a dalilin wannan karon, har da ɗaliban Jami'ar Toronto. Da la'asar ya koma Fort Erie ya sake fatattakar wata 'yar runduna, wadda kwamandanta John Stoughton Dennis ya tsere ya ɓuya har ya aske sajensa ya sauya kaya don kar a gane shi.

Ya ci yaƙi biyu a yini ɗaya amma ba inda za shi. Jirgin yaƙin Amurka mai suna Michigan ya tare kogin, ba ƙarin mutane ba harsashi, ga sojan Birtaniya na gaske na tahowa. Cikin daren ya kwashe mutanensa a kwale-kwalen dakon kaya, a tsakiyar ruwa jami'an Amurka suka kama su. Ranar 6 ga Yuni Shugaba Andrew Johnson ya fito da sanarwar haramta abin, Janar George Meade, wanda ya ci yaƙin Gettysburg, shi aka tura ya ƙwace makamansu, wato tsohon maigidan wasunsu. Amma saboda ƙuri'a ba a tsananta ba, gwamnati ma ita ta biya wa da yawa kuɗin jirgin ƙasa suka koma gida.

Abin da harin ya haifar shi ne kishiyar abin da aka nufa. Yankunan Birtaniya na Arewacin Amurka da ke ta jan ƙafa kan maganar haɗewa suka tsorata, masu cewa a haɗu suka sami hujja, ranar 1 ga Yuli 1867 Ontario da Quebec da New Brunswick da Nova Scotia suka zama tarayyar Kanada. Ba Fenian kaɗai suka jawo ba, maganar ta riga ta yi nisa, amma sun ƙara mata mai. Kuma 'yan Ireland mazauna Kanada da aka zaci za su tashi su mara baya ba su tashi ba, ɗaya daga manyan masu sukar Fenian ma shi ne Thomas D'Arcy McGee, tsohon ɗan tawayen 1848 da ya zama ɗan majalisar Kanada, wanda aka bindige a Ottawa, babban birnin Kanada, a Afrilun 1868.

Da O'Neill ya tsaya a nan da ya mutu gwarzo. Ridgeway ta sa ya zama janar a bakin mutanensa, daga baya shugaban ƙungiyar, kuma ina ganin nasarar ce ta cuce shi, don ya kasa gane cewa sa'a da ruɗewar Booker sun yi rabin aikin. Ya shafe shekaru yana yawon tara kuɗi yana ɓoye bindigogi a gonakin kan iyaka, kuma na hannun damansa a wannan aikin wani ne Henri Le Caron, tsohon sojan Arewa da suka saba tun Nashville, mai cewa shi Bafaranshe ne. Sunansa na gaskiya Thomas Beach, Bature ɗan Colchester a Ingila, ɗan leƙen asirin Birtaniya. Duk bindigar da aka binne shi ya san ramin, kuma Ottawa ta sani. Asirinsa bai tonu ba sai 1889 da shi da bakinsa ya faɗa a gaban wani kwamitin bincike a Landan, lokacin O'Neill ya shekara 11 a kabari, wato har ya mutu yana ɗaukar mutumin amini.

Don haka ranar 25 ga Mayu 1870 da ya taso daga jihar Vermont ta Amurka ya nufi Eccles Hill a Quebec, manoman yankin da 'yan sa-kai na kwance a kan tudu suna jiransa. Ana tsallaka iyaka aka buɗe wuta, mutanensa suka ja da baya, shi kuma da ya koma baya neman ƙarin dakaru sai wani jami'in gwamnatin Amurka, George Foster, ya cafke shi ya tura cikin keken doki ya yi gaba da shi, ana cikin yaƙi an tafi da janar. Aka yanke masa shekara biyu, Shugaba Grant ya yi masa afuwa a Oktoba, ya yi alkawarin ya daina. Shekara na zagayowa, Oktoban 1871, ga shi a Pembina can iyakar Manitoba da mutum wajen 40, ko ƙungiyar ba ta goyi bayansa ba, yana fatan 'yan Métis, wato ruwa-biyun Turawa da 'yan asalin ƙasar da Louis Riel ke jagoranta, za su haɗa kai da shi. Suka kama wani shagon kamfanin Hudson's Bay, sojan Amurka suka zo suka tattara su. Abin dariyar, a lokacin ana gardamar inda iyakar ta bi, kuma wani awo da aka yi ya nuna shagon a cikin Amurka yake. Ya tafi cin Kanada bai ma tabbata ya taka ta ba.

Sashen ƙarshe na rayuwarsa shi ne wanda ba a cika faɗa ba kuma ni shi na fi so. Ya dubi mutanensa a ramukan haƙar kwal na Pennsylvania da lungunan New York, manoma 'ya'yan manoma da suka zama lebura, ya ce abin da ya kore su daga gida rashin ƙasa ne, ga ƙasa kuwa a yamma gwamnati na rabawa. Wata dokar rabon ƙasa ta 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili shekara biyar eka 160, kuma daga 1872 tsohon sojan Arewa ana cire masa shekarun da ya yi a kaki daga cikin biyar ɗin. (Ƙasar dai ta 'yan asalin wurin ce da aka kora, wanda aka raba da gonarsa a Monaghan ya zo ya zauna a ta wani, wannan ma a faɗe shi.) Ya yi ta yawo gari gari yana lacca, a watan Mayun 1874 ya iso bakin kogin Elkhorn a gundumar Holt ta Nebraska da ayarin farko, mutum wajen 20. Fili ne fetal ba itacen gini, sai da suka yanko ƙasa mai saiwar ciyawa kamar tubali suka tayar da ɗaki ɗaya suka cunkusa. A shekarar kuma fara ta sauko wa Nebraska ta cinye shuka, yawancin ayarin suka gudu, 'yan kaɗan suka daure. Ya koma gabas ya kawo wasu a 1875, ya sake kawowa a 1876 da 1877, har aka kai ga Atkinson da gundumar Greeley. Bai fasa mafarkinsa ba fa, yana ganin waɗannan garuruwan wata rana su za su ba da mayaƙa, amma dai wannan karon garma ya raba wa mutane.

Shi kansa bai samu komai ba a harkar. Lafiya ta ƙi, ga asma ga shan giya, kuɗi babu, shanyewar jiki ta same shi, ya rasu a Omaha a Janairun 1878 yana da shekara 43, aka binne shi a maƙabartar Holy Sepulchre. Ireland ba ta sami gwamnatin kanta ba sai 1922, kuma Monaghan ɗinsu ta faɗo a ɓangaren da ya fita daga hannun Landan. Garin da ya kafa yana nan har gobe a Nebraska da sunansa, O'Neill, mutanensa ba su kai 4,000 ba, kuma a tsakiyar mahaɗar titin garin sun zana ƙaton koren ganyen nan mai kunne uku na 'yan Ireland, suna sabunta fentinsa in bikin Saint Patrick na watan Maris ya ƙarato.